Motar Katako a Tudun Pennerby

Wilf Garbett ya rasu ne a ƙarshen watan Fabrairu, a bayan gidansa da ke ƙauyen Hopesley, yana cikin sassabe rassan bishiyar tuffa. Maƙwabciyarsa ce ta hango tsani a jingine, shi kuwa yana zaune a gindin bishiyar da almakashi a cinya, kamar wanda ya ce bari ya ɗan huta. Ya haura shekara tamanin. Da aka buga wa Brenda Tudge waya aka gaya mata, sai ta ce Allah ya jiƙansa, sannan ta ce, "To shi wa ya aike shi hawa tsani?" Ta ɗora ruwan shayi ta koma ta zauna. Har ruwan ya tafasa ya huce ba ta tashi daga kujerar ba.

Ranar jana'iza cocin ƙauyen ya cika har waje. Ban da manoma da tsofaffin direbobin tsere na yankin Shropshire, akwai waɗansu baƙi masu baƙaƙen kwat da suka zo daga manyan kamfanonin motocin tsere na wajen Oxford. Furfura ta gama cika musu kai, amma kowannensu ya taɓa riƙe tsintsiya a garejin Wilf yana saurayi. Ɗayansu ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, mai karɓar shawara, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Emlyn Preece, bakaniken da ya yi aiki da Wilf kusan duk rayuwarsa, ya karkato ya raɗa wa Brenda a kunne, "Wai wa ake binnewa ne? Na ɗauka Wilf ne."

"Yi mana shiru, tsohon banza," in ji ta, tana toshe baki da hankici. Waɗanda ke zaune a bayansu suka ɗauka kuka take yi.

Brenda tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta san Wilf. A lokacin ita ke tuƙa motar burodin babanta, tana rabawa ƙauye-ƙauye da sassafe. Wata rana ta tarar da wata mota na jan jiki a gabanta a 'yar siririyar hanyar da ke gangarawa Hopesley, ta jira, ta jira, da ta ga mai motar ba shi da niyyar ba ta hanya sai ta wuce shi a kan kwana. Ya biyo ta har ƙofar shago, ya fito, dogo siriri, gam duk ya bushe a yatsunsa.

"Ke ce mai motar burodin nan?"

"Ni ce. In ƙara ka kawo, babana yana ciki."

"Wa ya koya miki shiga kwana haka?"

"Ba wanda ya koya mini. Burodi in ya huce ba a saye."

Bai yi dariya ba. Ya dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon da tela ke yi wa yadi, ya ce ta zo garejinsa ranar Asabar.

Abin da ta tarar a garejin bai yi kama da mota ba. A zamanin kowa da bututun ƙarfe yake haɗa motar hawan tudu, a yi mata walda, a ɗora mata ƙaton inji a gaba. Wilf kuwa ɗan masassaƙin kwale-kwale ne daga bakin kogin Severn, a cikin katako da gam ya tashi. Sai ya ɗauko siririn katakon nan mai falle-falle da ake yin jikin kwale-kwale da shi, ya lanƙwasa, ya manne, ya fitar da wani dogon abu mara nauyi wanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Ya sa injin babur a bayan direba, shi kuma direban ya kwantar da shi kusan rigingine don iska ta wuce ta kansa. Duk direbobin da ya nema sun ƙi, wasu don ba su shiga, wasu don suna da iyali. Ranar farko da aka sauke ta a Tudun Pennerby, wani ya ce ga akwatin gawa an yi masa tayoyi. Sunan ya bi ta, har Wilf kansa da haka yake kiranta.

A tseren hawan tudu mota ɗaya ake saki, ta hau ita kaɗai, agogo ne abokin karawarta. Ranar nan Akwatin Gawa ta riga manyan motocin duka isa sama, da 'yar mai burodi a ciki. Shekara ba ta zagayo ba masu dariyar suka fara zuwa suna durƙusawa suna leƙa ƙarƙashinta, wasu har da tsinken awo a aljihu. Wilf bai taɓa hana kowa ba. Sai dai in mutum ya yi tambayar da yake ganin ta wauta ce, zai ji abin da bai shirya ji ba.

A shekara ta uku, wata rana da aka yi yayyafi, motar ta ƙwace wa Brenda a kwanar sama ta daki gaɓar ƙasa. Ba ta ji wani mugun ciwo ba, amma sitiyari ya danne mata gwiwoyi, fetur kuma yana ɗiga a bayanta kusa da inji mai zafi. An daɗe ana fama kafin a zaro ta. Wilf ya tsaya yana kallo, fuskarsa fara fat. Kwanaki ya yi ba ya magana da kowa, sannan ya fito da sitiyarin da ake jan wani zobe a bayansa ya fita a hannu. Ya ƙera wa duk wanda ya nema, har da abokan hamayyarsa. Daga baya wani babban kamfani ya ɗauke shi, ya yi musu 'yan shekaru, ya bar musu dabaru da yawa, ya tattaro ya dawo Hopesley yana cewa mutanen can sun fi son zaman taro da taɓa sufana.

Bayan an fito daga maƙabarta aka taru a zauren ƙauye, ana shan shayi da burodi da cuku da kek ɗin da matan coci suka gasa. Brenda na zaune a gefe, ta jingine sandarta, sai ga Hilary, 'yar Wilf tilo. Likitar dabbobi ce, ta kusa hamsin, tana da tsayin ubanta da rashin son surutunsa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa Pennerby ba, domin mahaifiyarta Olwen, wadda ta riga Wilf rasuwa da daɗewa, ta daina zuwa tun ranar haɗarin nan, ta kuma hana 'yar.

"Anti Brenda, kin ci wani abu kuwa?"

"Na ci, 'yata. Zauna mana, tun safe kina tsaye."

Hilary ta zauna a bakin kujera. Ta ce Mista Corfield, sakataren ƙungiyar tsere, ya same ta da magana. Suna so su yi taron tunawa da Wilf a tseren watan Yuni, a fito da motar katakon ta hau tudun sau ɗaya a hankali, jama'a su gan ta, daga nan a kai ta wani gidan adana tsofaffin motoci da ya nuna yana so.

"Ya ce akwai samari da yawa da za su so su tuƙa ta. Ni kuwa na ce sai na fara tambayarki."

Brenda ta dubi sandarta. Bara aka canja mata ƙashin ƙugu, kuma rabonta da shiga motar tsere tun Hilary na makarantar firamare.

Emlyn, wanda ke kusa yana cika faranti, ya ce, "Ai ba za ta shiga ba. Da aka auna ta aka yi motar, kamar sillen kara take. Yanzu sai dai a ɗora ta a kai kamar kaya."

"Kai dai ka tayar da injin tukuna," in ji Brenda. "In ka iya tuna inda fulogi yake."

Hilary ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wato kin yarda ke nan?"

"Ban ce na yarda ba. Na ce dai samarin nan su jira."

Motar na can ƙuryar gareji a ƙarƙashin tamfol. Ɓeraye sun cinye kushin ɗin kujera, tayoyi sun tsattsage, koren fentinta ya dushe, amma da Emlyn ya bi jikin katakon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ko'ina sai ya amsa da ƙarfi. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Mugun tsoho. Ko wuri ɗaya gam ɗinsa bai saki ba." Ya juya baya ya shiga neman wani abu a akwatin kayan aiki, Brenda kuma ta yi kamar ba ta ga yana share ido ba.

Haka suka yi ta zuwa tun ƙarshen sanyi har furanni suka buɗe. Emlyn ya wargaza injin gaba ɗaya ya baje a kan tebur. Brenda na wanke ƙananan ƙarafa a cikin kwano, tana kawo shayi a fulas, suna musu kan abin da ya wuce. Shi ya ce a Pennerby ta fara cin kofi, ita ta ce a'a, kofin farko a wani tudu ne can Wales, ranar da ya manta bai ɗaure noti ba taya ta kusa fita. Ya ce ƙarya take yi masa, Wilf ne ya manta. Ta ce ai dama mamaci ba ya musu.

Hilary kan leƙo tsakanin wannan gona da waccan, takalman robarta duk kashin shanu, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta shiga sosai. Ranar da aka gwada shigar Brenda ma tana nan. Aka cire sitiyari, Emlyn ya riƙe ta ta hammata ɗaya, Hilary ta ɗaya, suka zura ta a hankali kamar ana sa ƙafa a sabon takalmi. Ta shiga har ƙugu ta tsaya cak.

"Ki saki numfashi," in ji Emlyn.

"Na saki. Wanda ya rage na rayuwa ne."

"To ki rage kek."

"Ka rage kushin dai. Wa ya ce ka cusa masa soso kamar katifar amarya?"

Hilary ta fashe da dariya har ta kusa sakin ta. Wannan ne karo na farko da Brenda ta ji dariyarta tun rasuwar. Aka zaro ta, Emlyn ya fere soson ya bar ɗan kaɗan, aka sake gwadawa, ta zame ta kwanta daidai. Ƙafafunta suka sami birki da totur ba tare da ta nema ba. Ta ɗaga ido tana kallon rufin garejin, ƙamshin tsohon katako da baƙin mai ya cika mata hanci.

Injin kuwa sai a watan Mayu ya tashi. Ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, sannan ya saki wata ƙara mai tsini da ta watsa kajin maƙwabta. Emlyn na ta murna yana ba shi wuta. Brenda ta lura Hilary ta fita, ta bi ta ta same ta zaune a kan katangar dutse ta bayan gida.

"Ƙarar ce?"

"Da ita na tashi," in ji Hilary. "Ina ɗakina ina jin ta, mu kuma muna jiran shi ya zo a ci abinci. Na tsane ta ƙwarai." Ta tsinki ciyawa tana murzawa. "Anti, in tambaye ki wani abu, ba za ki ji haushi ba?"

"Tambayi."

"A makaranta yara sukan ce wai ke da Baba... wai shi ya sa Mama ta daina zuwa tudu."

Brenda ta zauna kusa da ita da ƙyar, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ba ta yi mamaki ba, ta san an yi wannan maganar a ƙauye, sai dai ba ta san ta kai kunnen yarinya ba.

"Kin riƙe wannan a ranki duk shekarun nan?"

"Ba kullum ba. Yakan dai zo."

"To ki saurara. Ubanki har ya mutu ban jin ya san launin idona. Amma in na ƙara nauyi kaɗan bayan Kirsimeti, kallo ɗaya zai yi mini ya ce na ɓata masa mota. Ranar aurena da Ted ya zo coci, ya taya ni murna, ya ce in yi ƙoƙari kada in yi ciki kafin a gama tseren shekarar a watan Satumba."

Hilary ta rufe fuska da hannu. "Ya faɗi haka?"

"A gaban uwar miji. Ita kuwa mamanki, ita ta ɗinka mini rigar tsere ta farko a teburin kicin ɗinku. Bayan haɗarin ta zo asibiti ta same ni, ta ce, Brenda, ba zan iya hana shi ba, ke ma ba zan iya hana ki ba, amma ba zan tsaya ina kallo mijina ya kashe ƙawata ba. Ba ta sake zuwa ba. Amma duk ranar tsere sai ta ba shi ƙunshin abinci biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa, nawa ba albasa."

Hilary ta ce, "Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Gidanku ai ba a magana. Ku duka ukun."

Daga cikin gareji Emlyn ya ƙwala kira yana tambaya ko shayin nan sai ya rubuta takardar neman izini. Suka tashi suka koma.

Ranar taron gari ya yi kyau, rana ta fito, ƙamshin sabuwar ciyawar da aka yanke ya gauraye da na hayaƙin mai. Filin da ke gindin tudun ya cika da tireloli da tantuna, jama'a sun jeru a bayan shinge tun daga ƙasa har sama. An ajiye motar katakon a tsakiya, Emlyn ya goge ta tana ƙyalli, tsofaffi na zagaya ta suna nuna wa jikoki. Wani mutum mai ɗingishi ya zo ya kama hannun Brenda, ya ce shekaru da yawa da suka wuce motarsa ta kama wuta a wani tsere a arewa, sitiyarin Wilf ne ya fitar da shi. Ta kai shi wurin Hilary ta ce ya maimaita mata.

Mista Corfield ya iso da hular rana da rediyon hannu. Mutum ne mai kirki, sai dai yana son komai ya tafi a kan tsari.

"Misis Tudge, mun yi magana, ko? Ba tsere ba ne. A hankali za ki hau, ki ɗaga wa jama'a hannu. Ba za mu ma kunna agogo ba."

"Tafiyar hawainiya, Mista Corfield. Kada ka damu."

"Don mota ce mai tarihi. Ke ma kuma..."

"Ni ma mai tarihi ce. Na gane."

Da azahar aka dakatar da tsere. Mai lasifika ya faɗi taƙaitaccen tarihin Wilf, aka yi shiru na ɗan lokaci, ba ka jin komai sai kukan tumaki daga gonar da ke ƙetare. Aka zura Brenda cikin motar, aka ɗaure mata bel, Hilary ta gyara mata igiyar hular kwano. Emlyn ya sunkuyo.

"Kin san ba ta son tafiyar sanyi. In ta fara tari, ki ba ta kaɗan."

"Na sani."

"Kaɗan na ce."

Aka ɗaga tuta. Ta saki kuloci a hankali, motar ta taka kamar mai jin kunya. Brenda ta ɗaga hannu ɗaya, jama'a na tafi. Har ga Allah ta yi niyyar cika alkawari. Amma tun kafin kwanar farko injin ya fara shaƙewa, yana fizga yana saki, ta ji yana shirin mutuwa a gaban duk mutanen da suka zo ganinsa. Ta hango kanta ana tura ta kamar motar da mai ya ƙare mata, ta kuma san abin da mai motar zai ce da yana nan. Ta mayar da hannu kan sitiyari, ta sauke giya, ta taka totur.

Injin ya washe murya nan take. Kujerar ta tura ta a baya, shingen gefen hanya ya fara gudu. Ta shiga kwanar farko ta ciki, tayar gaba ta shafi ciyawa kamar yadda ta saba. Daga nan ba ta ƙara yin wani tunani ba. Hannuwanta sun san inda hanyar ke lanƙwasa a gindin babbar bishiya, sun san ɗan tudun da mota ke yin sauƙi a kansa, sun san inda ake jira kafin a taka birki. Duk wata tsakuwa da taya ta taka tana jin ta a bayanta ta cikin katakon. A miƙaƙƙiyar hanyar tsakiya ta ba ta wuta sosai, ta ji wani yana ihu a cikin hular, ashe ita ce. Da ta doshi kwanar sama, inda ta taɓa dukan gaɓa, ƙafarta ta ɗaga da kanta. Ta bar ta ta ɗaga. Ta zagaya kwanar a natse, ta sake takawa har ta wuce layin ƙarshe.

A filin sama ta kashe injin. Shiru ya sauko, sai ƙarar ƙarfe mai hucewa da hayaniyar jama'a daga can ƙasa. Masu kula da hanya suka rugo. Ta so ta cire hular, yatsunta suka ƙi. Wata budurwa daga cikinsu mai riga ruwan lemu ta durƙusa ta kwance mata.

"Kaka, lafiya kike?"

"Lafiya lau. Amma kada ku taɓa ni tukuna, ban san inda ƙafafuna suke ba."

Ba a jima ba motar wani manomi ta hauro da Emlyn da Hilary da Mista Corfield a baya. Sakataren ne ya fara dirowa, hularsa a hannu, fuskarsa ja wur.

"Misis Tudge, wannan ce hawainiyar?"

"Injin ne ya so mutuwa, Mista Corfield. Tambayi bakanike."

"Gaskiya ne," in ji Emlyn. "Laifin marigayi ne. Bai yi mata giyar tafiyar jana'iza ba."

Mista Corfield ya ce dole ya kai maganar gaban kwamiti, kuma da wani abu ya faru da shi za a kama. Brenda ta ce ya yi gaskiya, ta ba shi haƙuri, kuma da zuciya ɗaya ta ba shi. Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya ce a hankali, "Babana ya kawo ni nan ina yaro na ga kin hau. Ban yi zaton zan sake gani ba." Ya sa hularsa ya nufi motar manomin.

Hilary da Emlyn suka zaro ta, suka zaunar da ita a kan damin ciyawa. Ƙugunta ya fara sanar da ita abin da ta yi masa. Hilary ta tsuguna a gabanta, ta kama wuyan hannunta tana jin bugun jini, kamar yadda take yi wa marasa lafiyarta.

"Zuciyarki na gudu kamar ta ɗan maraƙi."

"Kin gani kuwa?"

"Na gani har bishiyar can, daga nan sai ƙara." Hilary ta saki hannun. "Ban san haka take tafiya ba. Ko a hoto ban taɓa gani ba. Kamar ba ta taɓa ƙasa." Ta dubi motar. "Na tsorata ƙwarai, Anti. Na gane abin da Mama ta ji. Amma na gane nasa ma, kaɗan."

Da yamma suka ɗora motar a tirela suka kama hanyar gida a motar Hilary, mai warin maganin shanu. A garin Ludlow yunwa ta tsayar da su. Hilary ta shiga shago ta fito da soyayyen kifi da dankali a ƙunshe cikin takarda, suka zauna a kan benci a bakin titi suna ci da hannu, masu wucewa na tsayawa suna kallon abin da ke kan tirelar.

"Mutanen gidan adana motocin sun ce za su zo ɗaukarta ranar Juma'a," in ji Hilary. "Ina ganin zan ce musu su dakata. Su riƙe ta lokacin sanyi in suna so, amma in rani ya zo a dawo da ita."

"Wa zai tuƙa?" in ji Brenda. "Ni dai na gama. Wannan karon da gaske."

"A samu wani. Ke ki zaɓa, ki koya masa."

"Ko ki koya mata," in ji Emlyn da dankali a baki. "Yarinyar nan da ta cire miki hula ta yi ta yi mini tambayoyi. Kuma tambayoyin ba na wauta ba ne." Ya lashe gishirin yatsunsa. "Ni dai akwai wata 'yar ƙara da na ji lokacin da kika sa giya ta uku, ba ta yi mini daɗi ba. Ranar Talata zan buɗe in duba."

"Ba wata ƙara. Kunnenka ne ya tsufa."

"Za ki zo ko ba za ki zo ba?"

Brenda ta gwada motsa ƙafarta, ta yamutsa fuska. Ta miƙa hannu ta ɗauki ragowar kifin da ke takardarsa.

"In na iya sauka daga gado, zan zo. Hilary, ki biyo ta gidana ki ɗauke ni."

Hilary ta ce tana da shanun da za ta duba da safe, amma kafin sha ɗaya za ta iso.